Wa Ya Biya Kuɗin Yaƙin? Yadda Masana Ke Bin Sawun Ginuwar Hukuma

A shekarar 1975 wani malamin jami'a ɗan Amurka, Charles Tilly, ya rubuta jimlar da har yau ɗaliban kimiyyar siyasa ke haddacewa: yaƙi ne ya gina hukuma, ita kuma hukuma ta yi yaƙi. Maganar tana da daɗin faɗa, shi ya sa ta yaɗu. Amma duk wanda ya dubi Somaliya, ko gabashin Kwango, ko Afganistan, zai ce to ai waɗannan sun sha yaƙi har sun ƙoshi, ina hukumar take? Shekara hamsin ke nan masana suna kai-komo tsakanin jimlar Tilly da wannan tambaya. Da tafiya ta yi tafiya, yawancinsu sun rage kallon fagen daga, sun koma leƙa baitulmali: daga aljihun wa aka ciro kuɗin yaƙin, kuma me aka ba shi a madadin abin da aka karɓa?

Kafin a yi nisa, "hukuma" a nan ba gwamnatin wane ko ta wane ake nufi ba. Gwamnati takan zo ta wuce. Hukuma ita ce abin da ke nan bayan an sauya shugaba: ofishin haraji, kotu, bariki, rajistar filaye, ma'aikacin da ke rubuta haihuwa da mutuwa. Max Weber ya ce alamarta ita ce a cikin iyakokinta ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi. Michael Mann ya zo a 1984 ya raba ƙarfin gida biyu. Akwai ƙarfin danniya, wato mai mulki ya ga dama ya ɗaure mutum ba mai ce masa don me. Akwai kuma ƙarfin isa, wato umarnin da aka bayar a babban birni ya kai ƙauyen da ke bakin iyaka kuma a aikata shi. Mobutu na Zayar, wato Kwango ta yanzu, yana da na farko har ya yi yawa, na biyun kuwa kusan babu. Binciken da muke magana a kai na biyun yake nema.

Yadda abin ya faru a Turai

Lissafin Tilly shi ne, wajajen shekarar 1500 Turai na da masarautu da birane masu cin gashin kansu kusan 500, amma zuwa 1900 sun koma ashirin da 'yan kai. Sauran an cinye su. Abin da ya cinye su tsadar yaƙi ce. Da igwa ta zo, tsohuwar ganuwa mai tsawo marar kauri ta daina amfani, sai an gina sabuwa gajera mai faɗi, sai an tara dakaru masu yawan da za su yi wata da watanni suna kewaye da gari. Dakarun nan sai an ciyar da su, sai an biya su, in ba haka ba su juya su washe garin ubangidansu. Sarkin da bai iya tara kuɗi duk shekara ba, maƙwabcinsa ya haɗiye shi.

To tara kuɗi duk shekara kuwa aiki ne mai matakai, kuma kowane mataki yana haifar da ofis. Sai ka san mutum nawa kake da su, wannan ita ce ƙidaya. Sai ka san wa ke da wace gona, wannan safiyo ne da rajista. Sai ka sa mai karɓa, ka sa mai duba mai karɓa, ka buɗe kotun da za ta saurari wanda ya ce an zalunce shi. A Faransa, Sarki Charles na Bakwai ya kafa rundunar dindindin a 1445, ana biyan ta da harajin da ya zama na kowace shekara. A Purushiya, daular da daga baya ta haɗa kan Jamus, ofishin da aka buɗe don kula da abinci da albashin soja shi ne ya rikiɗe ya zama ofishin harajin ƙasa baki ɗaya.

Ingila ce aka fi yi wa binciken ƙwaƙwaf. Masanin tarihi John Brewer ya nuna a 1989 cewa a ƙarni na 18, kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na abin da gwamnatin Birtaniya ke kashewa yana tafiya ne ga sojan ƙasa, sojan ruwa da biyan bashin yaƙe-yaƙen baya. Babban abin da ya riƙe wannan nauyi shi ne harajin kayan da ake sarrafawa a cikin gida, irin su giya, sabulu, kyandir da fata. Yadda aka tsara ma'aikatan wannan haraji abin lura ne. Ba a ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawar lissafi. Yana yawo da sandar awo yana tsoma ta cikin ganga, yana rubuta abin da ya gani a littafi da ranar da ya gani. Mai duba shi kan biyo sawunsa ba sanarwa ya gwada littafin da gangar. Sannan ba a barinsa ya daɗe a gari ɗaya, don kada ya saba da 'yan kasuwar wurin har su fara ƙulla wani abu. Abin da ake kira ƙwararrun ma'aikata yau, a irin wannan wuri aka fara horar da shi.

Amma fa attajiri ba ya sakin kuɗinsa haka kawai. Bayan juyin mulkin 1688 majalisa ta karɓe ikon sa haraji da sa ido a kan yadda ake kashe shi. Douglass North da Barry Weingast sun yi hujja a 1989 cewa wannan ne ya sa masu kuɗi suka yarda su ba gwamnati rance, tunda yanzu sarki ba zai wayi gari ya ce ba zai biya ba. An kafa Bankin Ingila a 1694 don ya ba gwamnati bashin yaƙi da Faransa. A 1799, ana tsakiyar wani yaƙin da Faransa, Firayim Minista William Pitt ya kawo harajin kuɗin shiga, kashi 10 cikin 100 a kan wanda ke samun sama da fam 200 a shekara. An soke shi a 1816 da aka gama da Napoleon, amma an riga an koyi yadda ake yi, sai ga shi ya dawo a 1842 bai sake tafiya ba.

Haka aka sake gani a ƙarni na 20. Kenneth Scheve da David Stasavage sun bi tarihin harajin masu kuɗi a ƙasashe 20, suka ga ba zaɓe ne ya fi ɗaga shi ba, yaƙin da aka kwashi 'ya'yan talakawa aka kai fage ne. Hujjar da ta ci a lokacin ita ce, tunda talaka ya ba da ɗansa, to mai kuɗi ya ba da dukiyarsa. A Amurka harajin da ke kan mafi yawan samu ya tashi daga kashi 7 cikin 100 a 1913 zuwa 77 a 1918, ya kai 94 a 1944. Cire haraji daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci, wanda muka saba da shi yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya kafu: 1943 a Amurka, 1944 a Birtaniya.

Mai karatun littattafan Musulunci ba zai ji wannan baƙo ba. Ibn Khaldun ya kawo tsohuwar hikimar nan ta sarakunan Farisa cewa babu mulki sai da mayaƙa, babu mayaƙa sai da dukiya, babu dukiya sai da noma da raya ƙasa, babu raya ƙasa sai da adalci. Abin da masanan zamani suka ƙara shi ne alƙaluma da hanyoyin gwaji.

Inda aka yi yaƙin amma hukuma ba ta ginu ba

Miguel Centeno ya ɗauki ra'ayin Tilly ya kai shi Kudancin Amurka a 2002, ya tarar bai zauna ba. An yi yaƙe-yaƙe a can a ƙarni na 19, har da mai muni irin wanda Brazil da Ajantina da Uruguay suka yi wa Paraguay taron dangi daga 1864 zuwa 1870. Sai dai gwamnatocin ba su shiga gonakin manyan masu filaye sun karɓi haraji ba. Kuɗin fito suka dogara da shi a tashoshin jiragen ruwa, sai kuma rance daga bankunan Landan. Kuɗin fito kuwa ma'aikata kaɗan ke karɓarsa a bakin teku, ba ya buƙatar ƙidaya, ba ya buƙatar ka san sunan kowa a cikin ƙasa. Peru ta samu kashin tsuntsayen teku da Turawa ke saye don taki, ta jinginar da shi ta ci bashi, ta kasa biya a 1876. Yaƙin ya zo ya wuce ya bar gawawwaki da bashi.

Wannan batu na bashi shi ne, a ganina, mafi ƙarfin abin da aka gano a 'yan shekarun nan. Didac Queralt ya bi yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin 1816 da 1913, ya raba su biyu: waɗanda aka yi lokacin da kasuwar rance ta duniya ke buɗe, da waɗanda aka yi lokacin da ta rufe saboda wani rikicin kuɗi a Turai. Dabarar a nan ita ce, rufewar kasuwar ba ƙasar da ke yaƙin ce ta jawo ta ba, don haka ana iya gwada sakamakon kamar an yi gwaji da gangan. Ƙasashen da suka yi yaƙi ba rance, dole ta sa suka juya ga mutanensu, kuma har yau sun fi iya karɓar harajin kuɗin shiga. Waɗanda suka samu rance ba su koyi komai ba, wasu ma sun rasa ɗan abin da suke da shi. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ci bashin waje na farko a 1854 saboda Yaƙin Kirimiya, ta gaza biya a 1875, zuwa 1881 masu bin ta bashi sun kafa ofishinsu a Istanbul suna karɓar harajin gishiri, taba, siliki da kan sarki kai tsaye. Masar ta bi wannan hanya tun daga zamanin Isma'il Pasha: hukumar masu bin bashi a 1876, sojan Ingila a 1882. Japan kuwa, tun a 1873 ta auna filayen noma ta sa harajin kashi 3 cikin 100 na darajar fili, a biya da tsabar kuɗi. Da ta zo cin bashi don yaƙinta da Rasha a 1904, tana da abin biya, ba ta miƙa wa masu bin ta bashi ofisoshinta ba.

Luis Schenoni ya yi wa Centeno gyara daga baya. Ya ce a duba wa ya ci yaƙin. A ƙasar da ta yi nasara, ɓangaren da ya goyi bayan ƙarfafa soja da haraji shi ke samun bakin magana, kamar yadda aka gani a Chile bayan yaƙinta da Peru da Bolibiya da ya fara a 1879. A wadda ta sha kaye, ɓangaren ne ke faɗuwa, hukumar ta faɗi tare da shi.

Ko a Turai ma ba kowa ya yarda da Tilly ba. Anna Grzymala-Busse ta nuna cewa tsarin kotuna, ajiye takardu, karɓar haraji da zaman majalisa, sarakunan Turai sun kwaikwayi da yawa daga cikinsu ne daga cocin Katolika, ƙarnuka kafin zamanin igwa. Kuma yankunan Jamus da Italiya, duk da yaƙin da suka sha, a wargaje suka zauna har ƙarni na 19. A ƙasar Sin kuma, Victoria Hui ta nuna cewa yaƙe-yaƙen da suka kai ga daular Qin ta haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa sun gina hukuma mai rajistar gida-gida da gundumomi, amma ba su haifar da wata majalisa da za ta taka wa sarki burki ba.

Afirka, da abin da Tarihin Kano ya rubuta

Jeffrey Herbst ya ce matsalar mai mulki a Afirka ta bambanta tun asali. A Turai ƙasa ce ta yi kaɗan, mutane suka yi yawa, don haka ana yaƙi a kan fili, ana tsare iyaka. A yawancin Afirka fili ne a yalwace, mutane ne ba su da yawa. Idan sarki ya matsa wa manomi, sai ya tattara iyalinsa ya yi gaba ya sari sabon daji. Saboda haka yaƙi ya fi karkata ga kama mutane da dabbobi, ikon sarki kuma yana raguwa gwargwadon nisanka da fadarsa. Turawan mulkin mallaka suka zo suka ja iyakoki a taswira, suka yarda a tsakaninsu ba za su yi faɗa a kai ba, don haka ba su ga dalilin kashe kuɗi su kafa mulki mai zurfi a lunguna ba. A 1964, a Alƙahira, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince a bar iyakokin yadda aka gaje su. An kauce wa zubar da jini mai yawa da wannan shawara, amma ta zo da nata: ƙasa ba ta mutuwa komai lalacewarta. Gwamnatin Somaliya ta rushe a 1991, kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta motsa ba.

Ƙasar Hausa, musamman Kano mai cikar jama'a da ganuwa, ta fi kama da labarin Tilly fiye da yadda bayanin Herbst zai sa a zata, kuma tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ajiye misalin da ya nuna fuska biyu na lamarin. Ya ce Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, shi ne sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali. Muhammadu Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, lokacin da Zamfara ta matsa wa Kano, ya gina wa garuruwa ganuwa ya kuma ƙirƙiro haraji iri-iri. Magajinsa Kumbari, mai fama da Gobir, ya tsananta karɓa a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai ma haraji. Sakamakon da aka rubuta shi ne Larabawa 'yan kasuwa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Ga yaƙi ya haifi haraji kamar yadda Tilly ya faɗa, ga kuma mutane sun bar wa sarki garinsa kamar yadda Herbst ya faɗa. Abin da babu a tsakani shi ne ciniki, wato mai biya ya samu ta cewa. Bayan 'yan shekarun da ba su kai ɗari ba, irin waɗannan karɓe-karɓe suna cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa.

Yaƙin basasa kuwa nasa daban ne. Timothy Besley da Torsten Persson sun ga cewa ƙasashen da suka daɗe suna fuskantar abokin gaba daga waje sun fi ƙarfin karɓar haraji, waɗanda suka sha yaƙin cikin gida kuma sun fi rauni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Barazanar waje takan sa kowa ya ga amfanin a tara kuɗi wuri ɗaya. A yaƙin gida kuwa, kowane ɓangare na tsoron kada baitulmalin da ya taya ginawa ya faɗa hannun abokin gabarsa gobe. Paul Collier ya ƙiyasta a 1999 cewa kowace shekarar yaƙin basasa tana zaftare wajen kashi 2.2 cikin 100 na bunƙasar abin da kowane ɗan ƙasa ke samu.

Wani bincike da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na Raúl Sánchez de la Sierra a gabashin Kwango. A shekarar 2000 farashin ma'adinin koltan, wanda ake sa wa a kayan lantarki, ya yi tashin gwauron zabi. Koltan kaya ne mai nauyi, a buhu ake ɗaukarsa, ba ya ɓoyuwa. Sai ƙungiyoyi masu makamai suka daina kai hari su gudu, suka zauna a bakin ramukan haƙa, suna karɓar kaso suna ba da tsaro. Da farashin zinariya ya tashi kuma, sai salon ya sauya. Zinariya ana iya ɓoye ta a aljihu ko a baki, karɓar kaso a bakin rami ba ya yiwuwa. Sai suka koma ƙauyukan da masu haƙar ke kashe kuɗinsu, suka sa harajin kai da na kasuwa, har suka fara yin shari'a da naɗa masu kula da gari. Wato irin dukiyar da ke wuri ita ke tsara irin mulkin da za a kafa a kanta. Mancur Olson ya riga ya yi wannan hasashe a 1993, cewa ɗan fashin da ya zauna wuri ɗaya yana da dalilin barin mutane su yi noma, don ya samu abin karɓa baɗi. Wanda ya san yadda masu tayar da ƙayar baya a Tafkin Chadi ke karɓar kuɗi a kan kifi da shanu, ko yadda 'yan bindiga ke sa wa ƙauyukan Zamfara kuɗin shiga gona, ya san wannan ba labarin nesa ba ne. Kuma binciken ba wanke su yake yi ba. Yana nuna cewa duk inda hukuma ta bar gurbi, wani zai zauna a ciki ya fara yin aikinta.

Yadda ake aunawa, da inda awon ke karkacewa

Matsala ta farko ita ce wa ya haifi wa. In ka ga ƙasashe masu ƙarfi sun yi yaƙi da yawa, ta yiwu ƙarfin ne ya ba su damar yin yaƙin tun farko. Ta biyu, waɗanda suka tsira kaɗai ake ƙirgawa. Poland ta sha yaƙi kamar kowa, amma maƙwabtanta suka raba ta a 1772 da 1793 da 1795 har ta ɓace daga taswira. In ka cire irinta daga lissafi, dole yaƙi ya yi kama da alheri.

Sai ma'anar yaƙin kanta. Babban kundin da aka fara tarawa a Jami'ar Michigan a 1963 yana farawa ne daga 1816, kuma ba ya kiran abu yaƙi sai mutum 1,000 sun mutu a fagen fama. Na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin yana ƙirga rikicin da ya ci rai 25 a shekara. Sauya kundi kawai yana iya sauya sakamakon bincike. Yaƙe-yaƙen Afirka kafin zuwan Turawa kuma kaɗan ne suka shiga irin waɗannan kundaye, tunda mafi yawan abin da aka tattara daga takardun Turai aka ciro shi.

Auna ƙarfin hukuma ya fi wuya. Abin da aka saba shi ne a duba kason haraji cikin jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD suna karɓar wajen kashi 34 cikin 100, kuma ana yawan ambaton kashi 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai riƙe ayyukan yau da kullum. Amma kuɗin man fetur yana ɓata wannan awo, domin karɓa daga kamfanoni goma ba ɗaya yake da karɓa daga mutum miliyan goma ba. Shi ya sa masu lura suke ware harajin kuɗin shiga su dube shi shi kaɗai.

Akwai dabaru biyu masu ban sha'awa da aka ɓullo da su. Ta farko ta shekarun haihuwa ce. Inda hukuma ba ta rubuta haihuwa, in mai ƙidaya ya tambayi mutum shekarunsa sai ya ce talatin, ko arba'in, ko arba'in da biyar, da wuya ka ji talatin da bakwai. Sai a ɗauki duk masu shekara 23 zuwa 62, a ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, a gwada da kashi ɗaya cikin biyar na jimillar. In komai daidai ne awon zai ba da 100, in kowa ya yi kintace zai ba da 500, abin da ya haura 175 kuma ana ɗaukarsa ƙidaya marar inganci sosai. Melissa Lee da Nan Zhang sun yi amfani da wani awo ɗan'uwan wannan a 2017 don gano lardunan da idon hukuma bai kai ba a cikin ƙasa ɗaya. Ta biyu ta gidan waya ce: wasu masana tattalin arziki huɗu sun aika wasiƙu goma-goma zuwa adireshin ƙarya a ƙasashe 159, suka zauna jiran a dawo musu da su kamar yadda yarjejeniyar gidajen waya ta duniya ta tanada. Wasu ƙasashen sun dawo da duka goma, wasu ko ɗaya.

Game da ko baƙo zai iya gina wa wasu hukuma da bakin bindiga, aikin Melissa Dell da Pablo Querubin na 2018 ya fi kowanne tsafta. A yaƙin Biyetnam sojan Amurka na ba kowane ƙauye maki na tsaro, kwamfuta ta tattara ta mayar da shi daraja daga A zuwa E, ana kuma kai harin sama bisa darajar. Ƙauyuka biyu da makinsu ya yi kusan ɗaya suna iya faɗawa daraja daban saboda ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Da aka gwada irin waɗannan tagwayen ƙauyuka, wanda aka fi yi wa ruwan bama-bamai shi ya fi komawa bayan 'yan tawaye, kuma aikin ƙaramar hukuma a cikinsa ya fi lalacewa. Afganistan ta maimaita darasin ta fuskar kuɗi. Amurka ta kashe kimanin dala biliyan 145 a kan sake gina ƙasar, tallafin waje na ɗaukar wajen kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, ana biyan albashin sojojin da babu su sai a takarda. A watan Agustan 2021 komai ya rushe cikin 'yan kwanaki. A gefe guda ga Somaliland, wadda ba ta samu irin wannan tallafi ba saboda rashin amincewar duniya: Nicholas Eubank ya nuna cewa dole ta sa shugabanninta suka zauna da 'yan kasuwa da dattawan ƙabilu a kan kuɗin tashar Berbera, aka ba su wakilci kafin su saki kuɗi.

Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo su ne misalin da ake bayarwa na inda barazana ta haifi ci gaba. Richard Doner da Bryan Ritchie da Dan Slater sun ce abu uku ne suka haɗu a lokaci ɗaya: maƙiyi a bakin ƙofa, talakawan da in ba a kyautata musu ba za su bi 'yan gurguzu, da rashin wata dukiyar ƙasa da za a sayar a huta. Koriya ta raba wa manoma filaye tun wajen 1950, kuma bayan Amurka ta janye sojoji 20,000 a 1971 ta duƙufa kan ƙarfe, jiragen ruwa da sinadarai daga 1973. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, masu mulki sukan samu hanya mai sauƙi su bi.

Nijeriya ta tsaya ne a tsakiyar waɗannan misalai. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wasu abubuwan da Tilly zai gane: soja ya tashi daga wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, dab da fara yaƙin an rusa manyan jihohi huɗu an yi 12, ikon kuɗi ya tattaru a hannun gwamnatin tarayya. Obafemi Awolowo, da yake riƙe da ma'aikatar kuɗi, ya tafiyar da yaƙin ba tare da cin bashin waje ba, ta hanyar tsuke shigo da kaya, ƙarin haraji da rancen cikin gida. Bisa ma'aunin Queralt, wannan ita ce hanyar da ke barin gado mai kyau. Sai dai shekara uku da gama yaƙin farashin mai ya yi sama, buƙatar bin mutane gida-gida ta kau. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke harajin da ake karɓa a kan kowane baligi, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja, don an daɗe ana wulaƙanta su wajen karɓarsa. Amma littafin mai unguwa da na dagaci, inda ake rubuta sunan kowane magidanci duk shekara, ya tafi tare da harajin, ba a kuma maye gurbinsa da wani ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna harajin da aka tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin da aka samar ba, kuma rabon da a ƙidaya 'yan Nijeriya tun 2006.